Jinin maiɗakina ya yi ƙasa tana da ciki: lemon malt da madara sun isa?

Wani malamin makaranta daga Toro, jihar Bauchi, ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Maiɗakina tana da cikin wata biyar, na uku ke nan, kuma yaron da ta yaye bai cika shekara biyu ba. A wurin awo an ce jininta 27 ne, wai ya yi ƙasa. An ba ta jajayen ƙwayoyi da wasu ƙanana rawaya, amma ta daina sha, ta ce suna tayar mata da zuciya, bayan gidanta kuma ya koma baƙi. Mahaifiyata ma ta ce a bar su, suna sa ɗa ya yi ƙato a sha wuya ranar haihuwa. Yanzu kullum ina sayo mata lemon malt da madarar gwangwani, ana kuma dafa mata zoɓo. Wannan ya wadatar? Sannan wasu masu bincike a asibitin sun nemi ta shiga aikinsu, za su ɗebi jininta. Wadda ake cewa ba ta da jini ita kuma za a ɗebi nata?"

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya raba lafiya, Ya saka maka da alheri da ka damu har ka tambaya.

Bai wadatar ba. Ta koma kan maganinta cikin makon nan, kada a jira ranar awo ta zagayo. Sai dai na san idan na tsaya a nan, za ta sha na 'yan kwanaki ta sake turawa ƙarƙashin filo, don tashin zuciyar yana nan, maganar Hajiya ma tana nan. Saboda haka ka yi haƙuri da ni, zan ɗan ja bayanin.

Wannan 27 da aka faɗa muku, ga inda ta fito. Ana huda yatsa, a cika wani siririn bututun gilashi da jini, a toshe gindinsa, a sa shi cikin na'ura ta juya shi da gudu na 'yan mintoci. Idan aka ciro za ka ga jinin ya rabu biyu, ja ya kwanta a ƙasa, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya tsaya a sama. Sai a ɗora a ma'auni a ga jan nawa ne cikin ɗari. Shi ne PCV. Nata 27 cikin 100. Idan aka mayar da shi zuwa ɗaya ma'aunin da ake kira himogulobin, wajen 9 ke nan. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki da himogulobin ɗinta ya gaza 11, wato PCV wajen 33, ko ya gaza 10.5 a watanni uku na tsakiyar ciki, tana da ƙarancin jini, idan kuma ya gaza 7 abin ya yi tsanani. Asibitocinmu da yawa sai ya sauko ƙasa da 30 suke ɗaga murya. Ta kowane ma'auni dai maiɗakinka ta shiga ciki, tana tsaka-tsaki. Gaskiya ne ciki da kansa yana tsinka jini, domin ruwan jinin mace yana ƙaruwa da kusan rabi alhali jajayen ƙwayoyin ba sa ƙaruwa haka, to dole awo ya ɗan sauka a tsakiyar ciki. Amma 27 ta wuce wannan.

Ba ita kaɗai ba ce. Babban binciken lafiyar al'umma na ƙasa da aka yi a 2018 ya auna jinin mata gida-gida, ya samu 58 cikin 100 na matan da ke shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini, a cikin masu ciki kuwa 61. Abin da ya fi damuna da wannan adadi shi ne yadda ya sa ciwon ya daina kama da ciwo. Mace ta yi shara ta zauna tana haki, ta tashi tsaye jiri ya ɗebe ta, zuciya na dukan uku-uku daga ɗaukar bokiti ɗaya, a ce ai laulayi ne, kowa haka ta yi. Ka ja fatar idonta ta ƙasa da yatsa a cikin hasken rana, ka buɗe tafin hannunta ka jera da naka. Za ka ga bambancin da idonka. Idan kuma ka lura tana yawan taunar ƙanƙara ko cin farar ƙasa, wannan ma alama ce da muka sani, kuma ƙasar tana ƙara hana jiki tsotsar abin da yake nema.

Dalilin da ya sa muke matsa wa jinin mai ciki lamba ita ce ranar haihuwa. Babu haihuwar da ba a zubar da jini, har kusan rabin lita ana ɗaukarsa daidai ne. Wadda ta shiga naƙuda da cikakken jini za ta zubar da wannan ta tashi ta sha kununta. Wadda ta shiga da rabi, wannan ɗin ma zai iya kayar da ita. An bi mata fiye da dubu goma masu ƙarancin jini a asibitocin Najeriya da Pakistan da Tanzaniya da Zambiya, aka wallafa sakamakon a 2023: duk yadda jini ya ƙara yin ƙasa kafin haihuwa, haka haɗarin ɓallewar jini bayan haihuwa ke ƙaruwa, kuma masu tsananin ƙarancin sun ninka masu tsaka-tsaki wajen sau bakwai a haɗarin mutuwa ko kaiwa bakin mutuwa. Ɗan da ke ciki ma yana karɓar nasa rabon, ko ya zo bakwaini ko ya zo ba nauyi. Abin farin ciki, kuna da kusan wata huɗu a gaba. Sun isa a gyara, in an fara yanzu.

Jiki yana ƙera jan jini ne da sinadarin ayon, kuma yana da ma'ajinsa, ka ɗauke shi kamar rumbu. Ciki ɗaya yana cin wajen miligiram 1,000 na ayon, tsakanin ɗa da mabiyiya da ƙarin jinin uwa da abin da za a zubar. Mata kaɗan ne a wajenmu ke shiga ciki da rumbu cike. Maiɗakinka ta haihu, ta shayar, kafin rumbun ya sake taruwa wani cikin ya shiga. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar a samu wata 24 tsakanin haihuwa da ɗaukar wani cikin, ku kuma ba ku kai ba. Ba ina ɗora maka laifi ba ne, Malam, abin da ya wuce ya wuce, amma ka san kunika, wato haihuwa kusa da kusa, tana cikin lissafin. Da masu bincike suka zauna da mata da maza a ƙauyukan jihar nan suna tattauna kunika, su matan da bakinsu suka ce mai kunika kullum cikin ciwo take. Sun riga likitoci gani.

To malt da madara fa? Malt ruwan sukari ne da ɗan hatsi, ayon ɗin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. Madara abinci ce mai kyau, tana gina jiki da ƙashi, amma tana cikin abincin da suka fi talaucin ayon, kuma sinadarin kalsiyam da ke cikinta yana rage tsotsar ayon idan suka haɗu a ciki. Zoɓo kuwa jan da ke cikinsa launin fure ne kawai. Tana sha ta ji ƙarfi na ɗan lokaci saboda sukari, kai kuma hankalinka ya kwanta ka yi wani abu, awo na gaba a tarar jini yana inda yake ko ya ƙara sauka. Kuɗin da kake kashewa kullum a kan gwangwani da kwalba, da za ka juya su wajen mahauci da mai kifi da sun fi amfani nesa ba kusa ba. Ayon ɗin nama da kifi da kaza da ƙoda shi jiki ya fi saurin karɓa. Hanta ta fi kowa, amma kaɗan, kamar sau ɗaya a mako, don tana da bitamin A mai yawa wanda wuce kima a cikinsa ba shi da kyau ga mai ciki. Sai wake da waken suya da awara da daddawa, da ganye irin zogale, alayyahu, rama da kuka. Na tsiro ba ya shiga jiki da sauƙi sai an taimaka masa da abu mai bitamin C a lokaci guda: a matsa lemon tsami a kwaɗon zogale, a yanka ɗanyen tumatir a kan ɗanwake, ta ci gwaiba ko lemu bayan tuwo. Gero yana da ayon daidai gwargwado, kuma jiƙa shi da barinsa ya yi tsami, yadda ake yi wa kamu da ƙullun masa, yana sakin ayon ɗin da ke ɗaure a ciki. Shayi shi ne abokin gaba. Ruwan bunu mai kauri yana kama ayon ya hana shi shiga jini, don haka a raba shi da abinci da kuma magani da aƙalla awa ɗaya ko biyu.

Wani abu kuma da ba a rubutawa a katin awo: idan an raba miya, kwanon wa ake zuba tsokar? A gidaje da yawa ta maigida ce, sai baƙo, sai yara, mai cikin ta ƙare da romo da ƙashi. Wannan kai kaɗai za ka iya gyara shi, kuma ba sai ka ƙara ko sisi a cefane ba.

Duk da haka abinci shi kaɗai ba zai ɗaga 27 zuwa inda ake so kafin wata tara ba. Shi ya sa aka ba ta ƙwayar. Jar ita ce ayon, kowace ɗaya tana ɗauke da wajen miligiram 60, rawayar kuma folik asid ce. Baƙin bayan gida ba cuta ba ne, ragowar ayon ne da jiki bai tsotse ba yake fita, kusan duk mai sha tana ganinsa. Wanda za a ji tsoro shi ne baƙi mai danƙo kamar kwalta, mai mugun wari, tare da ciwon ciki, wannan a je asibiti. Tashin zuciyar kuwa gaskiyarta ne, kada ka ce raki take yi. Yawanci yakan lafa bayan mako ɗaya ko biyu. Ta gwada sha da dare dab da kwanciya, ko bayan ta ɗan sa wani abu a ciki, da ruwa ko ruwan lemu, ban da shayi, ban da madara, ban da fura da nono. Idan bayan gida ya yi tauri, ta ƙara ruwa da ganye. In duk an yi haka bai zauna ba, ta koma ta gaya wa malamar awo ƙarara cewa ta kasa sha. Akwai dabaru: a rage yawan, a canza iri, wani lokaci a mayar da shi yau a sha gobe a huta. Abin da ke ɓata mana aiki shi ne mace ta zo a tambaye ta tana shan magani, ta ce e saboda kunya, ledar tana nan ƙulle a jaka ba a taɓa ba. Sai mu yi ta neman wata cutar da babu ita. Kuma don Allah a ɗaga ledar nan sama inda yaronku ba zai kai ba. Jajayen ƙwayoyin suna kama da alewa, ƙaramin yaro ya haɗiye da yawa suna iya kashe shi.

Maganar Hajiya, Allah Ya ƙara mata lafiya, ba za a yi watsi da ita ba. Ta ga matan da suka kwana biyu suna naƙuda ɗa ya ƙi fita, wataƙila ta ga waɗanda suka ƙare da yoyon fitsari. Tsoronta yana da tushe, inda ta ɗora laifin ne ba daidai ba. An auna jariran matan da suka sha ayon da na waɗanda ba su sha ba a ƙasashe da dama, bambancin daga 'yan giram kaɗan ne zuwa wajen 150, a jaririn da lafiyayyen nauyinsa ke tsakanin kilo biyu da rabi zuwa huɗu. Wato maganin yana fitar da ɗa daga rama ne zuwa daidai. Ɗan da ke yin ƙato fiye da kima yawanci ciwon sukari ne a jikin uwa ke kawo shi, doguwar naƙuda kuma ta fi zuwa daga ƙugun da bai gama buɗewa ba ko kwanciyar ɗa ba daidai ba. A Zariya ma an taɓa lura cewa 'yan mata masu ƙananan shekaru da aka ba maganin zazzaɓi da na ƙarin jini a cikinsu na fari, da yawansu har tsawo suka ƙara kafin su haihu. Shawarata, kada ka tsaya musu da mahaifiyarka a tsakar gida. Ka roƙe ta ta raka surukarta awo na gaba, ta ji daga bakin malamar. Idan ta gamsu, ita za ta riƙa tuna mata da maganin fiye da kai.

Akwai abin da ba ka ambata ba a tambayarka, shi ne kuma na fi so ka riƙe: zazzaɓin cizon sauro. Wajen kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da maleriya a duniya a Najeriya suke. Ƙwayar cutar a cikin jan jini take zama, ta hayayyafa, ta fasa shi ta fito. A jikin mai ciki tana da wata dabara, takan je ta maƙale a mabiyiya, ta yi ta ɓarna a ɓoye, uwa ba zazzaɓi ba ciwon kai, wani lokaci ko gwajin yatsa ba ya nuna ta. Bugu da ƙari, duk lokacin da cuta ke jiki, hanta tana fitar da wani sinadari mai suna hefsidin wanda ke rufe ƙofar da ayon ke bi daga hanji zuwa jini. Sai mace ta yi ta shan ƙwayar da gaskiya jinin ya ƙi motsi.

Wannan ba daga Turai muka ji shi ba. A Zariya, wani likitan jini mai suna Alan Fleming da abokan aikinsa sun ɗauki mata Hausawa 200 masu cikin fari, suka raba su rukuni biyar. Wasu an ba su maganin kariya daga zazzaɓi kaɗai, wasu an haɗa musu da ayon, wasu da folik asid, wasu duka, rukuni ɗaya kuma ba a ba su mai aiki ba. An wallafa sakamakon a 1986. Tsananin ƙarancin jini ya sauko daga 18 cikin 100 a waɗanda ba su samu kariya ba zuwa 3 cikin 100 a waɗanda suka samu. Yau ba za a yarda a bar wani rukuni haka ba magani ba, tunda an riga an san amsar, amma darasin yana nan: a ƙasarmu ba a gyara jinin mai ciki a bar sauro.

Magungunan da suka yi amfani da su a lokacin sun daina ci sosai. Yanzu SP ake bayarwa, wanda aka fi sani da Fansidar: farare guda uku, a haɗiye a gaban malama da kofin ruwa, daga mako na 13 na ciki, a maimaita duk bayan wata har haihuwa, aƙalla sau uku. Binciken maleriya na ƙasa na 2021 ya samu 31 cikin 100 ne kawai na masu ciki suka sha sau uku ko fiye. Ka buɗe katinta yau ka duba ko an rubuta an ba ta, in ba a ba ta ba ku tambaya. Abu biyu za ku faɗa wa malamar kafin ta sha: idan maganin salfa, irin su Septrin, ya taɓa yi mata ƙuraje ko kumburi, ko kuma tana shansa a yanzu. Ku kuma nuna mata rawayar ƙwayar, domin folik asid mai miligiram 5, wadda ta fi yawa a kemis, tana rage ƙarfin SP idan ana shansu tare, abin da ake so a kullum shi ne mai 0.4. SP kariya ce, ba ita ake sha ba idan zazzaɓi ya riga ya kama. In jikinta ya yi zafi, a gwada jini a ranar, a ba ta maganin da ya dace. Gidan sauro kuma kowane dare, har da lokacin zafi da ake jin kamar a yaye shi. Tunda a Bauchi muke, in ƙara da wannan: zazzaɓin da aka sha maganin maleriya bai sauka ba, musamman da rani, a tuna da Lassa, jiharmu tana cikin waɗanda suka fi fama da ita, kuma tana yi wa mai tsohon ciki mugun kamu. Kada a zauna ana canza magani a kemis.

Sauran masu satar jini zan bi su da sauri. Tsutsar ciki mai shiga ta tafin ƙafa tana maƙale a hanji tana tsotsa, ƙwaya ɗaya ta albendazol bayan wata uku na farko tana maganinta, ta kuma riƙa sa takalmi in za ta gona ko bayan gida. Idan tana wanki ko ɗiban ruwa a rafi ko dam kuma ta taɓa ganin jini a ƙarshen fitsari, a duba tsargiya. A gwada fitsari ko da ba ta jin zafi. A yi gwajin HIV da ciwon hanta, in ba a yi ba. Sannan a san rukunin jininta na gado, don mai sikila ba a ɗora ta a kan ayon kai tsaye sai an auna, kulawarta daban ce.

Bayan mako biyu zuwa huɗu da komawa kan magani, a sake awon jini. Idan tana sha da gaske kuma an kori zazzaɓi, ya kamata a ga PCV ta hau da maki kamar uku. In ba ta hau ba, ku nemi a tura ku babban asibiti, kada a tsaya ana ƙara kwalaben tonik masu tsada, da yawansu ayon ɗin cikinsu bai kai na jar ƙwayar nan mai araha ba. Akwai ayon da ake sawa ta jijiya a zama ɗaya. An gwada shi a Legas da Kano a kan mata masu ciki 1,056 ƙarƙashin Farfesa Bosede Afolabi, aka fitar da sakamako a 2024. Bai fi ƙwayar sha rage yawan masu ƙarancin jini a mako na 36 ba in an haɗa kowa da kowa, amma ya fi ta cika ma'ajin ayon, kuma ba a ga ya fi ta kawo mummunar illa ba. Ni abin da na ɗauka daga wannan aiki shi ne yawancin matan sun isa ƙarshen ciki da ƙarancin jini ko wanne aka ba su, abin da ke nuna ba rashin ayon kaɗai ke cin jinin matanmu ba. Ga wadda aka tabbatar ayon ne matsalarta kuma ta kasa shan ƙwaya, ko lokaci ya ƙure, na jijiyar mafita ce. Za ka iya kuma jin ana maganar MMS, ƙwaya ɗaya mai sinadarai 15, wadda Bauchi na cikin jihohin da aka fara nazarin yadda za a shigar da ita awon ciki. Tana da kyau don kariya, amma ayon ɗinta miligiram 30 ne, ga wadda jininta ya riga ya faɗi kamar maiɗakinka sai an ƙara mata da wani.

Haihuwar nan a asibiti za a yi ta, wanda ke da hanyar ƙarin jini, ko da biyun farko a ɗaki ta haife su lafiya. Ba a fafe gora ranar tafiya: tun yanzu ka san rukunin jininta, ka yi magana da 'yan'uwa biyu ko uku da za su iya bayarwa, ka san motar da za ka kira da tsakar dare, ka kuma bar izini a gida cewa ko ba ka nan a tafi da ita. Idan kafin lokacin ka ga tana haki tana zaune, ko fuska da ƙafa sun kumbura, ko jini ya ɓalle, ko ta suma, ba a jiran gari ya waye. Bayan ta sauka ta ci gaba da ƙwayar wata uku, a cikin jego ne ake mayar da abin da aka rasa.

Saura masu bincike. Jinin da ake ɗiba don gwaji yawanci cokalin shayi ɗaya ne ko biyu, a jikin da ke ɗauke da lita biyar ko fiye. Ba zai rage ta da komai ba, ko da jininta na ƙasa. Amma tsoron da mutanenmu ke yi wa bincike ba daga sama ya faɗo ba. Abin da ya faru a Kano a 1996, lokacin annobar sanƙarau, da kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara, iyaye suka ce ba a yi musu bayani ba, har aka kai kotu, ya bar tabo. Bayan nan ne ƙasar ta tsaurara doka, aka fitar da kundin ƙa'idojin binciken lafiya a 2007, kuma yau duk wani bincike a kan mutane sai kwamitin ɗa'a ya amince, ko na ma'aikatar lafiya ta jiha ko na asibitin koyarwa.

Don haka ku tambaye su ba tare da jin nauyi ba. Wane kwamiti ne ya ba su izini, su nuna takarda. Me suke nema, jini nawa, sau nawa, ina za a kai shi, kuma me za a yi da ragowar? Kallo kawai za su yi su rubuta, ko akwai magani da za su ba ta, in akwai, mene ne shi, wa zai ɗauki nauyi idan ya yi mata illa? A karanta mata takardar yarda da Hausa, a ba ta kwafi mai lambar wayar da za a kira. Tambayar da ni na fi ba muhimmanci ita ce: za a gaya mata sakamakon jininta, kuma a yi mata magani idan an ga matsala? A ganina duk binciken da zai ɗebi jinin mai ciki ya tafi bai waiwaye ta da sakamako ba, bai cika adalci ba, ko da takardunsa sun cika. Ku yi shawara tare, amma yardar tata ce, sa hannunka ba ya maye nata. Idan ta ce a'a, ko ta shiga daga baya ta fasa, babu mai ikon rage mata kulawar awo saboda haka.

In sun amsa waɗannan da kyau, ni zan ƙarfafa mata gwiwa ta shiga. A ƙaramar hukumarku ta Toro aka yi wani aiki da ake misali da shi, haɗin gwiwar hukumar lafiya matakin farko ta jiha da ƙungiyar mata Musulmi ta FOMWAN da masana daga Jami'ar McGill ta Kanada. Mata suna shiga gida-gida wajen masu ciki duk bayan wata biyu, maza kuma suna zama da mazajensu, ana tattauna aikin wahala da ciki, da duka, da alamomin haɗari, da rashin hira tsakanin miji da mata kan cikin. Ba allura, ba ƙwaya. Sakamakon da ya fito a 2019 ya nuna matsalolin ciki da na bayan haihuwa sun ragu a unguwannin da aka ziyarta. Haka kuma ledar awon jini da ake shimfiɗa wa mace bayan ta haihu don a gane ɓallewar jini da wuri, an gwada ta tare da jerin matakan gaggawa a asibitoci 80 na ƙasashe huɗu, Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangaren Najeriya, aka samu munanan sakamakon zubar jini sun ragu da kashi 60 cikin 100. Idan kun je duba asibitin da za ta haihu, ka tambaya ko suna amfani da ita.

Ko ta shiga binciken ko ba ta shiga ba, gobe ka ɗauki katin awon da ledar maganin ku koma wurin malamar tare, a duba maganar SP, a gyara mata yadda za ta sha jar ƙwayar, a kuma rubuta muku ranar da za a sake gwada jinin.